Wi-Fi ɗina yana korar kowa lokaci guda, an yi min kutse ne?

Malam, ka ce Wi-Fi ɗin shagonka yana watsar da duk wayoyin da ke kansa lokaci guda, ka canza kalmar sirri har sau uku abin bai daina ba. Ka huta da canzawar, mai yi maka wannan ba ya buƙatar kalmar sirrinka.

Na sha irinta a wani ɗakin kwanan ɗalibai da nake kula da intanet ɗinsa. Sati biyu muna ɗora wa wuta da zafi laifi, ashe wani yaro ne da ɗan allon lantarki mai Wi-Fi, ESP8266, da bai fi akwatin ashana ba. A tsarin Wi-Fi na asali, saƙon da rauta (na'urar da ke bayar da Wi-Fi) ke aika wa waya cewa "sauka" ba shi da hatimi. Kowa na iya aron adireshin rautarka ya yi ta aika shi, wayoyin kuma su yi biyayya. Ba yara kaɗai ke yi ba, a 2014 hukumar sadarwar Amurka ta ci kamfanin otal na Marriott tarar dala 600,000 kan toshe Wi-Fi ɗin baƙi.

Lokacin da abin ya faru, duba wayarka. In sunan Wi-Fi ɗin yana nan amma ana ta jefo ku waje, mai yiwuwa wancan saƙon "sauka" na bogi ne. Maganinsa ya fito tun 2009, ƙa'idar 802.11w da ke sa wa saƙon hatimi, a saitin rauta za ka gan shi da sunan PMF. Kunna shi, amma kada ka fara da zaɓin da ke tilasta shi ga kowace na'ura, don tsofaffin wayoyi da firinta sukan ƙi haɗuwa. Allon ESP8266 ɗin nan kuma zangon Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai yake iyawa, mayar da ɗalibai 5GHz ne ya fara ba mu sauƙi.

In kuwa sunan ɓacewa yake gaba ɗaya sannan ya dawo, wataƙila manhajar ciki ce ke faɗuwa, wato mai tafiyar da Wi-Fi ɗin, rautoci da yawa kuma wata mai suna hostapd suke amfani da ita. Ko WPA3, sabon tsarin tsaron Wi-Fi, bai tsira ba: a 2019 Mathy Vanhoef da Eyal Ronen sun nuna za a iya cika rauta da buƙatun haɗuwa na bogi har ta kasa numfashi. Nan sabunta manhajar ne mafita. In kamfanin ya daina fitar da sabuntawa, duba ko OpenWrt, manhajar rauta ta kyauta, za ta hau kanta. Turo mana lambar samfurin rautar mu gani.