Fasfonmu na hannunsu, shin jirgin ruwa zai iya tafiya ya bar mu a tsibiri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na saba zuwa Dubai da Guangzhou saro kaya, amma ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. Bana na biya mana, ni da mai ɗakina, kuɗin jirgin yawon shaƙatawa na dare huɗu, wanda zai tashi daga Singafo ya tsaya Penang ta Maleshiya da Phuket ta Tailan sannan ya koma. Bizarmu ta fito. Kamfanin jirgin yana sayar da nasa yawon a kowace tasha, sai dai kuɗin ya yi yawa. Wanda ya yankar mana tikiti ya ce kada mu saya, in mun sauka Phuket mu nemi tasi da kwale-kwale mu je tsibirin Phi Phi da kanmu a rabin kuɗin. Da na ce masa in muka makara fa, sai ya ce tunda ma'aikatan jirgi suna karɓar fasfo su ajiye, dole su jira mu. Tun ranar Hajiya hankalinta bai kwanta ba. Shin maganarsa gaskiya ce?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Hajiya ce ke da gaskiya, kuma ka gaya mata na ce damuwarta ta dace. Jirgin zai tafi ya bar ku. Fasfonku ba zai riƙe shi ko na minti goma ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Katin ɗakin da za a ba kowannenku ranar shiga shi ne shaidarku. Duk sa'ad da za ku sauka sai an duba shi a na'ura a bakin ƙofa, haka ma in kun dawo. Saboda haka idan lokacin rufe ƙofa ya yi, sun san sunan wanda bai dawo ba da lambar ɗakinsa. Za a kira sunanku a lasifika, a buga wayar ɗaki, ko na'ura ce ta tsallake ku. In shiru, sai a ɗauko fasfonku daga ofis, in kuma yana ɗakinku jami'an tsaro su buɗe akwatin ajiya su fito da shi, a miƙa wa wakilin kamfanin da ke tashar, a ɗaga anga. Wato fasfon da aka ce muku shi zai ɗaure jirgin, shi ne abin da za a sauke muku a ƙasa. Akwatunanku da tufafinku da maganin hawan jini ko na suga, in akwai mai sha a cikinku, su za su wuce Singafo.

Wannan magana ta "ai dole su jira" ta zama ruwan dare a bakin dillalan tikiti a garin nan, kuma ba na gajiya da mamakin yadda mutumin da bai taɓa ganin teku ba sai a waya yake yanke hukunci a kan abin da kyaftin zai yi. Tushenta a bayyane yake. Mun saba da tashar Unguwa Uku, inda mota ba ta tashi sai ta cika, in fasinja ya tafi alwala kwandasta ya bi shi da kira. Mun saba da ɗaurin auren da aka rubuta ƙarfe goma a kati a yi shi sha biyu. Mun saba da sansanin alhazai, inda maniyyaci ke kwana yana jiran jirgi, har muka ɗauka jira abu ne da ake yi wa juna. Shi kuwa wannan jirgi yana ɗauke da dubban mutane, kuma an kafa masa sa'ar da zai isa Singafo da sassafe. Waɗanda ke ciki suna da jiragen sama da za su kama a ranar, wasu dubban kuma suna layi za su shiga da rana. Tsakanin Phuket da Singafo sai ya ratsa mashigin Malaka, ɗaya daga cikin hanyoyin ruwa mafi cunkoso a duniya. An riga an yi alƙawarin sa'a da jagoran tasha wanda ke hawa ya shigar da jirgi, an kama masa gurbin tsayawa. Duk jinkirin da aka yi sai an rama shi da gudu, gudu kuma mai yake ci, ba kaɗan ba. Ka ɗora wannan a sikeli ɗaya, ka ɗora mutum biyu da suka tsaya cinikin tsaraba a ɗayan, ka ga inda zai rinjaya. Wani lokaci kyaftin yakan ɗan saurara in an sanar da shi mutum yana dab da isowa. Wannan alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma ba a gina tafiya a kan alfarma.

Akwai inda jirgin ke jira, kuma a nan ne dillalin naka ya ɗauko rabin gaskiya ya sayar maka. Idan yawon da kuka tafi na kamfanin jirgin ne, kuma motar ko kwale-kwalensu ya makara, jirgin yakan jira, domin jagoran yawon yana magana da su ta waya. In jiran bai yiwu ba, kamfanin ne ke ɗaukar nauyin kai ku tasha ta gaba. Wannan lamuni shi ne kake saye da ƙarin kuɗin da ka ga ya yi yawa, ba kujerar mota ba.

To a ce an bar ku a Phuket. Za ku nemo wakilin ku karɓi fasfo, ku bi ta wurin jami'an shige da fice a daidaita takardunku, tunda ta ruwa kuka shigo kuma ta ruwa ya kamata ku fita. Ku kama otal, ku sayi tikitin jirgin sama na gaggawa zuwa Singafo, tafiyar kusan awa biyu, duk daga aljihunka. Bature in an bar shi, yawanci tikiti kawai zai saya ya wuce. Kai mai koren fasfo sai an duba ko bizarka ta Singafo tana da sauran shiga. In wata matsala ta taso da fasfon, ofishin jakadancin Najeriya yana Bangkok, tafiyar fiye da awa guda a jirgin sama. Ka lissafa wannan, ka gwada da rarar da aka ce za ka yi. Araha ba ta ado, Alhaji. Shi dillalin a ranar yana shagonsa yana shan shayi, in ka kira ya ce maka ƙaddara ce.

Sai abin da ya fi kama masu hankali, waɗanda ba su da niyyar makara: agogo. Singafo da Maleshiya lokacinsu ɗaya, awa bakwai gaba da namu. Tailan kuwa awa shida ce, wato Phuket tana bayan Singafo da awa guda. Wasu jiragen suna mayar da agogonsu su bi na gari, wasu suna zama a kan lokacin Singafo har su dawo. Da zarar wayarka ta kama sabis ɗin Tailan za ta gyara kanta ba tare da ta tambaye ka ba. In jirginku bai canza ba, kuma aka ce kwale-kwalen ƙarshe mai mayar da fasinjoji jirgi ƙarfe biyar, to sa'ad da wayarka ke nuna huɗu, kana ganin da sauran awa guda, shi ke nan ya tashi. Direban tasi ma lokacin garinsu zai gaya maka, bai yi ƙarya ba. Maganinsa mai sauƙi ne: agogon hannu na allura, irin mai araha na Kasuwar Sabon Gari, a saita shi da agogon jirgi kafin a sauka, kai ɗaya Hajiya ɗaya. Sannan ku ɗauki hoton allon da ke bakin ƙofa mai ɗauke da lokacin dawowa. Lura kuma, lokacin tashin jirgi daban, lokacin rufe ƙofa daban. Ƙofa takan rufe kimanin rabin awa kafin tashi, kwale-kwalen ƙarshe kuma yana iya riga haka.

Yanzu mu auna Phi Phi ɗin. Manyan jirage sukan tsaya nesa da gaɓa a bakin Patong, a yammacin Phuket, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage. Masu yawon kamfani ake fara saukewa, sauran su karɓi lamba su jira, don haka awa guda ko fiye na iya tafiya kafin ƙafarku ta taɓa ƙasa. Kwale-kwalen Phi Phi daga gabashin tsibirin suke tashi, sai kun ratsa gari da mota, mintuna 45 zuwa awa guda gwargwadon cunkoso. Phi Phi tana da nisan kusan kilomita 45 a teku: kimanin awa guda a kwale-kwale mai gudu, kusan awa biyu a babban jirgin fito. Ka ninka duk wannan biyu saboda dawowa. Mota biyu, kwale-kwale biyu, layin jigila biyu, kowanne na iya ɓaci, ga go-sulon yamma a hanyar Patong. Shawarata kai tsaye: in Phi Phi kuke so, ku saya daga jirgin. In kuɗin ya yi nauyi, ku haƙura da ita ku tsaya cikin Phuket.

Ba ka faɗi watan tafiyarku ba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu teku a kwance take. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce da iska, igiyar ruwa tana ƙarfi, ana kafa jar tuta a bakin ruwa, ma'anarta kada a shiga, ko an iya iyo. A Yulin 2018 wani jirgin 'yan yawon buɗe ido ya kife kusa da Phuket cikin guguwa, mutum 47 suka rasu. Saboda haka rigar ceto a saka ta a ɗaure igiyoyinta tun kafin a tashi, ba a riƙe ta a cinya ba. In mai kwale-kwale ya ce ba ta da amfani, ku sauka.

Ba cewa nake kowane yawo sai na kamfani ba. Penang, misali, asarar kuɗi ce ka biya a zagaya da kai cikin gari. Jirgi yana tsayawa ne a tashar Swettenham, a bakin tsohon garin George Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Da ƙafa za ku isa masallacin Kapitan Keling ku yi sallah, ga gidajen nasi kandar na Musulmi a kewaye, shinkafa da miya kala-kala, halal ba sai an yi ta tambaya ba. In za ku hau Dutsen Penang da jirgin igiya, ku fara da shi, domin layin saukowa yakan yi tsawo. Manhajar Grab ta kiran tasi tana aiki a ƙasashen uku, ta fi ciniki da direba a bakin tasha. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce wuri mafi nisa da farko, mafi kusa da jirgi a ƙarshe, kuma awa biyu kafin rufe ƙofa a ce kuna inda ido ke ganin jirgin. Tsaraba a saye ta a nan.

A Patong ku guji abu biyu. Kada ku yi hayar babur, domin a hagu suke tuƙi, kuma masu haya sukan nemi riƙe fasfo jingina. Kada ku hau babur ɗin ruwa, domin an daɗe ana kuka da masu nuna tsohon karce su ce kai ka yi, ka biya. Ko gaskiya na gefenka, gardamar za ta cinye lokacin da ba ka da shi. Musulmi suna da yawa a Phuket, abincin halal ba ya wuya, a nemi alamar a ƙofar shago. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar, don haka kada neman masallaci da yamma ya zama dalilin makara.

Hajiya ta kula da shiga ƙaramin jirgin jigila. Yana rawa a kan ruwa, akwai tazara tsakaninsa da matakala, doguwar abaya mai jan ƙasa da takalmi mai tsini suna kayar da mutum. Ta sa wando a ciki, ta tattare rigar da hannu ɗaya, takalmi mai kama ƙasa. Kai ma ka bar babbar riga a ɗaki. Mai saurin jiri ya sha magani rabin awa zuwa awa guda kafin hawa, in amai ya riga ya fara ba ya yin aiki sosai.

Tunda ka ce biza ta fito, abu ɗaya zan ce ka sake dubawa yau: ta Singafo ta zama mai shiga fiye da sau ɗaya, domin za ku shiga da jirgin sama, ku sake shiga da jirgin ruwa. Ka kuma nemi kamfanin jirgin, ba dillali ba, ya rubuto maka abin da ake buƙata daga mai fasfon Najeriya a Maleshiya da Tailan. Kamfanoni da yawa ba sa barin mutum ya hau tun daga farko in ba shi da bizar kowace tasha, ko ya rantse ba zai sauka ba, kuma ba sa mayar da kuɗi. Katin allurar shawara na gaske, wanda aka yi allurar aƙalla kwana goma kafin tafiya, ba na bayan fage ba. Inshorar tafiya kuma ka karanta ka ga ta haɗa da jinya a jirgi, domin asibitin cikinsa da dala ake biya.

Ranar sauka, abin da zai kasance a jikinku: katin ɗaki, kwafin fasfo da biza a takarda, kuɗin ƙasar a hannu, baht a Phuket, ringgit a Penang, da 'yan daloli ko katin da ka tabbatar yana aiki a waje, maganin kwana biyu, batirin caji, da takardar shirin yini da ake ajiye muku a ɗaki ko ake sawa a manhajar jirgin. A jikinta akwai suna da lambar wayar wakilin tasha. In kuka ga alamar za ku makara, shi za ku kira tun kuna hanya, ku faɗi lambar ɗakinku da inda kuke da mintunan da suka rage muku.