Wai Gilashi Gilashi Ne

Jiya ka tambaye ni me zai hana ka lulluɓe duwatsun wuyan gilashin da kake yi da waccan sandar gilashi garai-garai da ka tsinta a ƙasan akwati, har da cewa "ai gilashi gilashi ne, Maigida." Ban tanka maka ba a lokacin, don da na buɗe baki da zagi za ka sha. Zauna ka ji.

Kowane gilashi yana buɗewa in ya sha wuta, yana tsukewa in ya huce, amma ba gwargwado ɗaya ba. Wannan gwargwadon shi ne lambar da ake rubutawa a jikin ƙunshi, COE. Sandunan da muke aiki da su, na Effetre da ake yi a Murano ta ƙasar Italiya, 104 ne. Na Bullseye, na Amurka, 90 ne. Mai taurin nan da ake yin kwalaben ɗakin gwaji da shi kuwa 33. In ka haɗa 104 da 90 a dutse ɗaya, a cikin wuta za su rungumi juna lafiya lau. Sai an fara hucewa ɗaya ya ja da sauri, ɗayan ya ƙi binsa, faɗan ya zauna a cikin dutsen yana jiran ranarsa.

Ni na ga ranar. Wata baiwar Allah ta ba ni aikin sarƙa uku, dutse 90, kowanne da shuɗin fure a ciki an lulluɓe shi da garai yadda zai zama kamar fure a cikin ɗigon ruwa. Aikin da a lokacin ba kowa ke iya shi ba, ban faɗa don yabon kai ba. Ina tsakiya garai ya ƙare mini. Sai ga wani dillali da dami guda, babu takarda babu lamba. Na tambaye shi sau biyu, ya rantse 104 ne. Arahar ta ja ni, ga lokaci ya matse, na karɓa. Kwana 11 na yi a gaban wuta. Duk dutsen da na gama sai na sa shi a tanderu da zafinsa, ya zauna a wajen digiri 510 na ma'aunin Salshiyas, ya sauko a hankali har asuba. Ko ɗaya bai tsage ba. Na goge yumɓun tsinken ƙarfe da ya maƙale cikin hudojin, na shirya su a zare, ta zo ta karɓa tana ta sa albarka.

Bayan mako biyu ta dawo da su a ƙulle cikin hankici. Ba faɗuwa suka yi ba, a ajiye suke. Tsaga ta bi ta ƙarƙashin garai ɗin daidai inda ya haɗu da shuɗin, wasu sun dare biyu, ɗaya har ya yanke ta a yatsa. Kallon da ta yi mini, kallon macuci, shi ne har yau bai bar ni ba. Na mayar mata da kuɗinta cif, ban ƙara ganinta ba, haka ma ƙawayenta da ta yi alkawarin kawo mini. Da na je wa dillalin, ka san abin da ya ce? Wai shi cewa ya yi gilashi ne mai kyau, bai ambaci wata lamba ba. Mutumin da ya rantse a gabana! Allah ya isa, ban yafe ba.

Kada ka ce tanderu zai gyara. Tanderu yana sauke gajiyar da saurin hucewa ke bari a jikin dutse, amma ba ya sulhu tsakanin gilashi biyu da jininsu bai haɗu ba. Ko shekara za su yi a ciki.

Abin da ya fi ci mini rai, gwajin minti biyu ne da ya cece ni, kuma na san shi. Ka narka bakin sandar da ka sani da bakin wadda kake shakka, ka manna su gefe da gefe daidai wa daida, ka ja su su zama zare siriri, kada ka murɗa. Ka bar shi ya huce. In ya tsaya miƙe, da dama-dama. In ya lanƙwashe kamar baka, raba su.

Maganar shafa yumɓu a tsinken ƙarfe da sa tabarau kafin ka kunna wuta, wannan ba zan ɓata yawuna ba, wanda bai san shi ba ya bar sana'ar. Ku yaran yanzu, kun kalli bidiyo uku a waya kun zama gwanaye, hannu ɗaya na juya tsinke ɗayan na neman ɗaukar hoto. Mutanen da suka fara aikin nan fitilar mai gare su da zuga-zugi, kai ga gas ga oksijin, amma karanta lamba uku a jikin takarda ya gagare ka.

Tashi ka ja zaren nan ka kawo mini in gani da idona. In ya lanƙwashe, sandar ta bar mini shago yau, kuma ba a aljihunka ba.