Hukuncin mai sabar Mastodon idan hotunan batsa suka shigo masa daga waje

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na buɗe ƙaramar saba (kwamfutar da ke ajiye saƙonni a intanet) ta Mastodon don abokan karatuna. Mastodon dandalin sada zumunta ne da kowa ke iya buɗe sabarsa, sabobin kuma suna musayar saƙonni. Sai na tarar hotunan batsa na ƙananan yara suna shigowa daga wata saba ta waje. Ba mutanena suka sa ba. Akwai zunubi a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, haramcin waɗannan hotuna ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ya canza hukuncinka shi ne sabarka tana ajiye kwafin abin da ya shigo, kuma makullin yana hannunka: kana iya gogewa, kana iya yanke hulɗa da waccan sabar. Kafin ka sani babu komai a kanka. Daga ranar da ka gani kuwa, gogewa da toshewa sun zama wajibi, jinkiri kuma zunubi ne. Masu bincike a Jami'ar Stanford a 2023 sun gano irin waɗannan hotuna guda 112 cikin kwana biyu a Mastodon, don haka kada ka ɗauka ba za su sake dawowa ba.

Wasu za su ce maka kai mai ba da haya ne kawai, su kawo maganar Imam Abu Hanifa da ya halatta a ba wa mai sayar da giya hayar gida. Wannan ba ta fisshe ka ba. Ya faɗe ta ne game da ƙauyukan da ahluz zimma, wato waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin amanar Musulmi, suka fi yawa, kuma almajiransa Abu Yusuf da Muhammad sun saɓa masa, haka mazhabarmu ta Malikiyya. Sannan mai gida ya miƙa makulli ya tafi, kai kuwa naka yana aljihunka. Giya tana cutar mai shanta, nan kuwa yaro aka zalunta, kuma duk idon da ya kalla ya ƙara masa wani zaluncin.

Kada ka ɗauki hoton allo wai don hujja, kada ka tura wa kowa. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta hukunta ko da ajiye su. Rubuta adireshin intanet na saƙon kawai ka kai wa hukuma. Kada ka ɗora wa ƙannenka aikin dubawa. Kai ma ka tsare idonka, ka duba gwargwadon larura. In karatu bai bar maka lokacin kula da sabar ba, ka rufe rajista, in ma hakan bai isa ba ka rufe ta gaba ɗaya.

Allah ne mafi sani.