Amsa kan tuƙi a hanyar Chapman's Peak

Malam, ka tambaya ko ya dace ka ware yini guda daga hutunka na Cape Town, a Afirka ta Kudu, domin bin hanyar Chapman's Peak. Shawarata ita ce ka je, amma da la'asar.

Hanyar tana tsakanin unguwannin Hout Bay da Noordhoek da ke wajen birnin, tsawonta kusan kilomita 9 ne, tana da lanƙwasa 114, kuma an sassaƙa ta ne a jikin dutsen da ke fuskantar Tekun Atlantika tsakanin 1915 da 1922, da ƙarfin fursunoni. Tunda a ƙasar ana tuƙi ne ta hannun hagu, zai fi maka kyau ka taso daga Noordhoek ka nufi Hout Bay, domin a lokacin teku zai kasance a gefenka, kuma ratsewa zuwa wuraren tsayawa zai zo maka da sauƙi. A ganina, babu abin da ya kai kallon faɗuwar rana daga can, lokacin da jan dutsen yake ɗaukar haske, igiyar ruwa kuma tana dukan gindinsa.

Ana biyan kuɗin shiga, kuma akan rufe hanyar idan aka yi iska mai ƙarfi ko ruwan sama, musamman daga Yuni zuwa Agusta, saboda gangarowar duwatsu. Wannan ne ma ya sa aka rufe ta a 2000 har zuwa ƙarshen 2003, don haka ka bincika ko a buɗe take kafin ka fito. Ka riƙe rigar sanyi, ka kuma yi tuƙi a hankali, saboda masu keke suna da yawa.