Tambaya da Amsa: Sai Na Duba Kayan Gwaji Kafin In Zaɓi Firemwok?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na ɗan jima ina koyon gina manhajojin intanet, yanzu kuma ina so in tsaya a kan firemwok guda, wato shiryayyen tsarin kayan aiki da ake ɗora ginin manhaja a kansa. Wani da ya riga ni shiga sana'ar ya ce kada in ɗauki wanda bai zo da kayan gwaji mai gudanar da kansa ba. Ni kuwa duk shafin da na gama nakan buɗe shi a burauza, in danna nan, in danna can, har in tabbatar yana aiki. Ina amfanin ƙara wa kai wahala?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wanda ya ba ka wannan shawara bai cuce ka ba. Gwajin hannu yana wadatarwa muddin shafukan uku ne ko huɗu, amma ranar da suka kai hamsin, ka gyara wurin biyan kuɗi, babu yadda za a yi ka sake bin sauran ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne ake rasa ido garin neman gira: gyaran yau ya karya abin da ke aiki lafiya tun bara, ba kuma za ka sani ba sai masu amfani da manhajar sun kawo ƙara.

Gwaji mai gudanar da kansa ɗan ƙaramin shiri ne da kake rubutawa sau ɗaya, ya riƙa yi wa manhajarka tambayar da ka sa shi duk lokacin da ka kira shi. Dabarar ta bazu ne bayan Kent Beck da Erich Gamma sun rubuta wani kayan gwaji mai suna JUnit a 1997. To, mene ne na firemwok a ciki? Manhajar intanet ba ta zaune ita kaɗai. Tana magana da rumbun bayanai, tana aika imel, tana duba wanda ya shiga da kalmar sirri. Raba gwaji da waɗannan abubuwa shi ne aiki mai wuya, kuma idan aka bar wa mai rubutu wannan nauyi, yawanci cewa yake sai gobe, goben kuma ba ta zuwa.

Ɗauki firemwok ɗin Django, wanda ya fito a 2005. Da zarar ka ba da umarnin gwaji, sai ya ƙirƙiri wani rumbun bayanai na daban, ya yi aikinsa a ciki, ya share shi idan ya gama, ba tare da ya taɓa bayanan gaske ba. Yana da wata burauza ta ƙarya da ke neman shafi ba sai an tayar da sabar, wato shirin da ke miƙa shafuka, ba, don haka cikin layi uku za ka iya tabbatar da cewa baƙon da bai shiga ba an mayar da shi shafin shiga da lambar 302, alamar an juya shi wani shafi, maimakon a buɗe masa da 200, alamar an ba shi shafin da ya nema. Imel ɗin da manhajar ta aika a lokacin gwaji ma ba ya fita ko'ina, tara shi ake yi a wani akwati ka ƙirga. A allo za ka ga ɗigo yana bin ɗigo, kowanne gwaji ne da ya wuce, inda aka samu matsala kuma harafin F ya bayyana. Ruby on Rails na David Heinemeier Hansson, tun fitowarsa a 2004, ya ma fi naci, domin yakan ajiye maka fayil ɗin gwaji ko ba ka nema ba. Firemwok ɗin Laravel shi ma da kayan gwaji na PHPUnit a shirye yake zuwa.

Sai dai kada ɗigon nan su ruɗe ka, domin abin da ka tambaya kawai suke amsawa. Gwajin da ke tuƙa burauza ta gaske kuma, irin na Selenium, yana da nawa, wani lokaci ya faɗi ba laifin kowa. Ni dai nakan taƙaita shi ga hanyoyi biyu ko uku mafi muhimmanci.

Kafin ka yanke hukunci, buɗe littafin jagorar kowane firemwok, ka nemi babin gwaji, ka rubuta guda ɗaya a kan shafin kalmar sirri. Wanda ya sa ka kwana kana haɗa kaya kafin gwajin farko ya gudana, ajiye shi gefe ka gwada na gaba.