Amsar Gwaggo kan ciwon gajiya da bikin dangin miji

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, kuma ya taɓa min zuciya. Kin ce bikin ƙanwar mijinki ya matso, facalolinki suna ta shirin kamu da yini da kai amarya, ke kuwa ko wanke-wanke kika yi sai ya kwantar da ke. Kina tambaya ko al'ada ta yarda matar wa ta ƙi fitowa, ga shi har an fara yi miki habaici da son jiki.

Al'adarmu ba ta taɓa ɗora wa majinyaci hidima ba. Shi ake zuwa dubawa, a ce masa sannu, ya jiki, a kai masa kunu. Mai jego ma kwana 40 ake ɗauke mata girki da ɗiban ruwa, ba wanda ya ce ta yanke zumunci. Abin da ya sa ke ba a yi miki uzuri ba shi ne ciwonki ido ba ya ganinsa. Ba zazzaɓi, ba kumburi, an auna jini an ce lafiya lau, sai wannan ya ce lalaci ne, wancan ya ce sammu ne. Alhali ciwon da likitanki ya kira ME/CFS, wato ciwon gajiya mai tsanani da ya daɗe, sananne ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi tun 1969. Sau da yawa bayan wata rashin lafiya yake biyowa, kamar yadda naki ya biyo bayan korona, kuma ya fi kama mata.

Ga abin da nake so mijinki ya fahimta da kyau. Mai wannan ciwo ba a wurin aikin take faɗuwa ba. Sai bayan awa 12 zuwa 48 jiki yake rushewa, gaɓoɓi su yi nauyi, kai ya toshe, ta yi barci ta tashi kamar ba ta runtsa ba, kuma hakan kan ɗauki kwanaki ko makonni. Shi ya sa aka gan ki ranar suna kina dariya da anko, amma ba wanda ya gan ki jibinsa kin kasa ɗaga buta.

Shawarar da mijinki ya ba ki, wai ki riƙa ƙara tsawon tattaki kullum don jiki ya saba, na san da kyakkyawar niyya ya bayar, amma kada ki bi. Likitocin Ingila sun daɗe suna ba da irinta, har hukumarsu ta NICE, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, ta janye ta a watan Oktoba na 2021. Yanzu abin da ake koyarwa shi ne mutum ya san iyakar ƙarfinsa, ya tsaya tun kafin ya kai ta. Ƙarfinki kamar kuɗin cefane ne, in kika ci na gobe yau, gobe da jibi za su zo tukunya ba komai. Ki yanka albasa a kan kujera 'yar tsugunno, ki yi wanka a zaune, ki raba shara gida biyu da hutu a tsakani. Motsa jiki kuwa, miƙa hannu da ƙafa a kwance na ɗan lokaci ya isa, shi ma sai ranar da jiki ya yarda. Ranar da kika ji daɗin jikinki ita ce ta fi haɗari, don a ranar ne za ki so ki rama duk aikin da ya taru.

Kuma ba aikin hannu kaɗai ke cin ƙarfi ba. Hayaniyar taro, ƙarar lasifika, doguwar hira, tsayuwa ana gaishe-gaishe, duk suna ci.

Don haka ki aika gudummawarki da wuri, ki zaɓi abu ɗaya cikin bikin. Ni dai da za ki ji tawa, ki je ranar lalle da hantsi kafin gida ya cika, ki zauna kusa da amarya, ki sa mata albarka, a maido ki. Ki huta kafin ranar, ki huta bayanta. Kai amarya ki bar wa masu lafiya. In durƙusawa da miƙewa na sa ki jiri, ki gaishe da surukarki a zaune a ƙasa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. In an yi sauƙi a salla, ba a gaisuwa za a tsananta ba.

Maganar surukarki kuma ba bakinki ba ne, za ki ji nauyinta. Ki ce wa mijinki ya kira ni, ni zan je in same ta kafin a fara rabon goro. Allah ya ba ki lafiya.