Yaya radar ke gane abin da ƙasar wata duniya ta ƙunsa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Tahoua. Malaminmu ya ce da radar ake auna halin lantarki na ƙasar Zara da Mars. Ba waya, ba wanda ya taka can, ta yaya za a auna? Ko hasashe ne kawai?

Amsa: Barka kadai, ƴata. Awo ne na gaskiya, amma da lissafi a tsakani. Radar ba ta taɓa ƙasa. Igiyar rediyo take aikawa, sai ta saurari abin da ya dawo, kamar yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya gane daga sauti ko ta gasu.

Kowane abu yana da lambar da ke nuna yadda yake karɓar ƙarfin lantarki, masana suna ce mata lambar dayalektirik. Ta iska 1 ce, ta ƙanƙara kusan 3, ta busasshen rairayi 3 zuwa 5, ta dutse mai tauri tana kai 8 ko 9. Ta ruwa kuwa kusan 80. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙarfin amon da ke dawowa. Idan igiyar ta sauka tsaye a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai lamba 4, kashi 11 cikin ɗari na ƙarfinta ke dawowa. Mai lamba 9 tana maido kashi 25, ruwa kuma ya haura kashi 60. Sai a bi lissafin ta baya, daga ƙarfin amo a fito da lambar.

Abin da bai dawo ba yana shiga cikin ƙasa, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai, mu mutanen bakin Sahara. A 1981 radar da kumbon Columbia ya ɗauka ta ratsa busasshen rairayi a iyakar Masar da Sudan, ta nuna tsofaffin hanyoyin koguna da suka binnu. Ke da kike kusa da kwarin Azawak, tsohuwar hanyar kogin da ya ƙafe, kin san darajar irin wannan labari.

Zara, wadda muke kira matar wata, gajimare ya lulluɓe ta, ido ba ya ganin ƙasarta. Kumbon Magellan ya isa can a 1990, ya zana kusan kashi 98 na fuskarta da radar. Ƙololuwar tsaunuka, irin su Maxwell, ta maido amo mai ƙarfin da dutse tsura ba ya iya bayarwa. Ana kyautata zaton wani ma'adini mai ƙarfe ne ya rufe su, amma har yau ba a daidaita a kan wane ne ba.

Nan nake so ki lura sosai. Lambar ba ta faɗin sunan abu, kuma kaushin ƙasa ma yana canza ƙarfin amo. A 2018 masana Italiya, da radar MARSIS ta kumbon Mars Express, suka ga amo mai ƙarfi a zurfin kilomita 1.5 ƙarƙashin ƙanƙarar kudancin Mars, suka ce tafkin ruwan gishiri ne mai faɗin kusan kilomita 20. Daga baya wasu suka nuna cewa daskararriyar laka ma tana iya ba da irin wannan amo. Ni a ganina hujjar ruwan ba ta cika ba tukuna, sai an samu wani awo dabam da zai mara mata baya.